Lokacin Ɗibar Bayanai da Zuba Su a Rumbu Guda



Banki yakan adana bayanansa a ma'ajiyoyi dabam-dabam: ta kuɗin ajiya daban, ta bashi daban, ta katin cirar kuɗi daban. Da dare akan ɗebo su, a tace, sa'an nan a zuba a rumbu guda. To, yaushe ya kamata a ɗiba?

Tun shekarun 1970 akwai manhajar cron ta Unix, wadda agogo kaɗai take dubawa. In an ce ƙarfe 2, ƙarfe 2 za ta soma, ko da wata ma'ajiya ba ta rufe lissafin yini ba. Sai kuɗin da ya bar wannan asusu ya ƙi bayyana a wancan, manaja kuwa ya wayi gari yana yanke hukunci bisa gurgun lissafi.

Manhajar Airflow kuwa, wadda aka soma a kamfanin Airbnb a 2014, ba ta barin aiki ya tashi sai na gabansa ya kammala. Wanda ya faɗi, ana iya sa ta ta maimaita shi. Watau dai dabarar madugu ce: ayari ba ya ɗagawa sai kowane falke ya ɗaure kayansa. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.