Hawan Keke Cikin Iska

Yau maganarmu a kan keke ce, da yadda mutum zai hau shi lokacin iska, ya tafi lafiya ya komo lafiya. Da yawa daga cikinku a kan keke kuke zuwa kasuwa da gona, a kansa kuma kuke kawo marar lafiya ɗakin shan magani. In mai keke ya faɗi da majinyaci a bayansa, ciwo ya zama biyu ke nan.

Iskar da ta fi daɗewa tare da mu ita ce ta hunturu. Tana farawa wajen ƙarshen Nuwamba, ta kai har cikin Maris. Daga arewa maso gabas take busowa, ta ratso hamada, yawancin ƙurar da take ɗauke da ita kuwa daga wani kwari ne mai suna Bodele a ƙasar Cadi, inda ruwan tafki ya ƙafe tun zamanin da. Saboda haka wanda ya tashi daga Kano ya nufi Zariya, iska tana bayansa. Wanda ya nufi Gumel ko Haɗeja kuwa, gaba da gaba za su yi da ita.

Ga wani lissafi da ya kamata kowane mai keke ya sani. In ƙarfin iskar da take bugun ƙirjinka ya ninka sau 2, turin da take yi maka sau 4 yake ninkawa. Watau in kana gudun kilomita 15 a sa'a, iska kuma ta taso maka da gudun kilomita 15, turin da za ka sha ya yi 4 na ranar da babu iska. Wannan shi ya sa mutum yakan tafi kasuwa da safe iska tana kora shi, ya ga hanya ba wuya, sa'an nan a komowa, ga kaya ga gajiya, ya ga keke ya ƙi tafiya. Tun kafin ka fita ka duba inda take busowa, ka ba wa tafiyar da za ka yi gāba da ita lokaci mai yawa. Yawanci da hantsi take ƙarfi, ta lafa da yamma. In tafiyar ba ta gaggawa ba ce, ka daidaita ta da haka.

In kuna tafe ku biyu ko uku, ku jeru ɗaya bayan ɗaya, na gaba ya tare wa na baya iska, in ya gaji wani ya karɓe shi. Haka masu tseren keke na Faransa suke yi. Amma a bar rata tsakani, kada tayar na baya ta taɓa ta na gaba.

Iskar da take bugowa daga gefe ta fi ta gaba haɗari, gama ita ce take ture mutum zuwa tsakiyar titi ko cikin rami. Hausawa sun ce iska tana wahalar da mai kayan kara, to, mai keke ya fi mai tafiya ƙasa shan wannan wahala. Kara, da zana, da tabarma, da kwanon rufi, in an ɗaure su a gicciye, iska takan kama su ta juya keke. A ɗaure kaya a tsaye bisa tsawon keke, mai nauyi a ƙasa, a ja igiya tamau. Babbar riga kuma a naɗe ta a ɗaure a gindi, don iska takan cika ta, ko ta jefa bakinta cikin sarƙa. Ka riƙe kan keke da hannu biyu, ka sunkuya kaɗan, ka bi hannunka na dama.

Babbar mota in ta zo wucewa tana da tata iska. Da farko takan ture ka waje, in ta shige kuma ta jawo ka ciki. A hanyar burji sai ta bar ƙura wadda ba ka ganin kome, direban da yake biye da ita shi ma ba ya ganinka. In ka ji ƙugin babbar mota a hanya irin wannan, sauka ka koma gefe har ƙura ta kwanta. Ranar da hazo ya yi yawa ka sa tufa mai haske, ka kunna fitila, ka tabbata birki yana kamawa.

Yanzu sai abin da iska take yi wa jiki. Na fari, ido. In ƙasa ta faɗa maka a ido, tsaya tukuna, kada ka ci gaba da tafiya ido ɗaya a rufe. Kada ka murza, gama tsakuwar takan karce baƙin ido, karcen kuwa in ya ruɓe yana iya barin tabo ko ya kashe ido ɗungum. Ka wanke hannu, ka yi ta zuba ruwa mai tsabta kana ƙiftawa. Kada a sa tsinke, ko harshe, ko ruwan ganye, ko tozali. In bayan an wanke har yanzu kana jin abu a ciki, ko ido ya yi ja ba ka son haske, ka zo a duba a ranar. Tabarau yana tsare yawancin wannan wahala.

Na biyu, ƙishirwa. Cikin hunturu mai keke yana gumi, amma iska tana shanye shi nan da nan, sai ya zaci bai yi ba. Ga sanyi kuma, ba ya jin ƙishi. Can sai ciwon kai da jiri su kama shi yana bisa keke. Ka sha ruwa kafin ka tashi, ka tafi da gora, ka riƙa kurɓa a hanya. In fitsari ya ragu ya yi duhu, ruwan jikinka ya yi kaɗan.

Na uku, hanci da maƙogwaro da ƙirji. Ka rufe hanci da baki da rawani ko ƙyalle mai tsabta, amma kada ka toshe kunne har ka kāsa jin mota. Ƙyalle yana tare ƙura mai gari-gari, ba ya tare ta mai laushi duka, saboda haka mai fuka gara ya bar keke ranar da ƙura ta yi yawa, in kuwa tilas ne ya tafi da maganinsa a aljihu. Man kaɗanya yana hana leɓe tsagewa. In haɓo ya zo, zauna, ka sunkuyar da kai gaba, ka matse taushin hanci minti 10. Kada ka ɗaga kai sama, jini zai koma maƙogwaro.

Busasshiyar iska da ƙura suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, ta nan kuwa ƙwayar sanƙarau take samun ƙofa. A shekarar 1996 wannan ciwo ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Akwai allurar rigakafi, in an yi shela ku fito da iyalinku. Wanda ya yi zazzabi mai zafi da ciwon kai, wuyansa ya sandare, kada a ce gajiyar hanya ce. A kai shi asibiti nan take.

In za ka ɗauko yaro ko marar lafiya, ka lulluɓe shi sosai, ka rufe masa kai, gama kai kana motsi jikinka da ɗumi, shi kuwa zaune yake iska tana ratsa shi. Yaro mai amosanin jini, sanyi da ƙarancin ruwa suna tayar masa da ciwo. Wanda ba ya iya riƙe kansa, kada a goya shi a keke, a nemi amalanke ko mota.

Da bazara da farkon damina akwai guguwa, da iskar da take zuwa gaban hadari daga gabas. Wannan ba a hawa a cikinta. Da ka ga gabas ta yi baƙi, nemi gini mai ƙarfi ka shiga. Kada ka fake gindin itace, saboda aradu da karyewar reshe, ka kuma yi nesa da rufin kwano wanda iska take ɗagawa.

In an faɗi, a wanke rauni da ruwa mai tsabta da sabulu har ƙasa ta fita duka, a rufe da ƙyalle wankakke. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko kashin shanu, ko man birki. A zo a yi allura saboda ciwon nan mai sarƙe haƙora. Wanda ya bugu a kai, in ya suma ko da kaɗan ne, ko yana amai, ko barci yana rinjayarsa, ko jini yana fita ta kunne, asibiti za a kai shi. Hular kwano tana rage raunin kai ƙwarai, wanda yake da hali ya saya.

To, jama'a, in iska ta fi ƙarfinka, sauka ka tura kekenka, ba abin kunya ba ne. Tafiya sannu sannu kwana nesa. Ku gaya wa 'yan'uwanku da ba su ji ba. Sai mako mai zuwa, ku huta lafiya.