Araha ko Tarko? Yadda Ake Auna Hannun Jari da Ribar Shekara Goma

  Yau maganar kuɗi za mu yi, kuma akwai ɗan lissafi a ciki. Kar kowa ya gudu, lissafin bai wuce na mai shago ba.

Ga abin da ya jawo maganar. A watan Maris na 2025 muna zaune a majalisarmu da ke Unguwar Rimi bayan isha'i, sai wani abokina da muka yi hidimar ƙasa tare ya miƙo min wayarsa, ya ce, "Mutumina, duba nan ka ga garaɓasa." Cikin manhajojin nan ne da matasa ke sayen hannun jarin Amurka da su. Kamfanin da ya nuna min sunansa Dollar General. A ƙarshen 2022 hannun jarinsa guda ya haura dala 250, ranar da muke magana kuwa yana wajen dala 80. Ya ce abin da ya faɗo haka dole ya koma sama, don haka zai zuba kuɗin da ya tara. Na ce wane kuɗi? Ya ce na lefe. Shekara biyu yana tara su.

Gabana ya faɗi. Na san mutane da yawa a garin nan da suka yi kuka lokacin MMM a 2016, kuma iyayenmu ba su manta 2008 ba, lokacin da kasuwar hannun jari ta Najeriya ta zube, darajarta ta ragu da fiye da rabi cikin shekara guda. Hannun jari ba damfara ba ne, mallakar wani yanki ne na kamfani na gaske. Amma in ka saya ba ka auna ba, cinikin biri a sama ka yi. Sai na ce masa, kafin ka danna komai, zo mu je wajen kawuna gobe.

Kawuna yana da shagon kayan masarufi a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Shinkafa, taliya, sukari, man girki, sabulu. Salonsa shi ne riba kaɗan, ciniki da yawa. Ya yarda ya ci naira ɗari a kan katan in dai katan ɗin zai fita yau. Bai yi boko mai zurfi ba, amma yana da littafin da yake rubuta ribar kowace shekara, ba ya wasa da shi saboda fitar da zakka.

Na ce, "Kawu, don Allah a nuna wa abokina ribar 2015 da ta 2024." Ya buɗe. A 2015 ya samu naira miliyan ɗaya da rabi. A 2024 ya samu miliyan huɗu. Abokina ya ce, "Masha Allah Alhaji, ai an ci gaba, riba ta kusa ninka uku." Kawu ya yi dariya ya ce, "Yaro, da can ribar shekara tana cika min mota da shinkafa. Yanzu ko rabin mota ba ta kaiwa. Mu 'yan kasuwa da kaya muke ƙirga riba."

To ku tsaya mu duba wannan magana da alƙaluma. A 2015 litar fetur naira 87 ce. A ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Mafi ƙarancin albashi a 2015 naira 18,000 ne, ya koma 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024, amma ku tambayi ma'aikaci ko ya ji sauƙi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. In aka bi ma'aunin hukumar daga ƙarshen 2015 zuwa ƙarshen 2024, farashin kaya ya ninka wajen sau biyar. Ke nan miliyan ɗaya da rabin da kawu ya samu a 2015, a kuɗin 2024 ya kai wajen miliyan bakwai da rabi. Yau yana samun huɗu. A takarda ya hau, a zahiri ya sauka kusan rabi.

Na ce wa abokina, a ce kawu zai sayar maka da shagon nan, nawa za ka biya? In ka duba lambar da ke littafi kawai, za ka ce shago ne mai bunƙasa, ka biya da tsada. In kuma ka zo a shekarar da aka yi sa'a, misali ya sayi kaya da yawa kafin farashi ya tashi, ribar wannan shekarar za ta ruɗe ka. In ka zo a shekarar da ya yi asara, za ka raina shagon da ke da ƙarfi. Shekara ɗaya ba ta isa shaida ba.

Wannan tunani na kawu shi ne masana suka mayar ilimi. Tun 1934 wasu malamai biyu a Amurka, Benjamin Graham da David Dodd, suka ba da shawarar a riƙa duba matsakaicin ribar kamfani ta shekaru da dama kafin a yanke masa daraja. A 1988 Robert Shiller na Jami'ar Yale da abokin aikinsa John Campbell suka faɗaɗa abin. Shiller ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2013, kuma ma'aunin ya shahara da sunansa. A shafukan kasuwa za ku gan shi da haruffa huɗu, CAPE. A ƙarshen 1999 ma'aunin ya nuna kasuwar Amurka ta kai wajen 44, alhali matsakaicinta a tarihi bai kai 20 ba. Watanni kaɗan bayan nan, a shekarar 2000, hannayen jarin kamfanonin intanet suka rushe.

Yadda ake yinsa mataki huɗu ne. Na farko, ka nemo ribar da kowane hannun jari guda ya samu a shekaru goma da suka wuce. Tana cikin rahoton shekara-shekara na kamfanin, kyauta ne a intanet. Na biyu, ka mayar da ribar kowace shekara zuwa kuɗin yau, kamar yadda muka yi wa kawu, da ma'aunin farashi na ƙasar da kamfanin yake. Na uku, ka tara su ka raba goma. Na huɗu, ka raba farashin hannun jarin na yau da wannan matsakaicin. Lambar da ta fito tana gaya maka shekara nawa za a ɗauka kafin riba irin wadda kamfanin ya saba samu ta biya kuɗin da ka zuba.

Yanzu mu koma kan Dollar General. Shi ma irin shagon kawu ne, sai dai rassansa sun haura dubu ashirin, yawancinsu a ƙananan garuruwan Amurka, masu ƙaramin ƙarfi ne abokan cinikinsa. Ga ribar hannun jari guda. A 2015 dala 3.95. A 2016, 4.43. A 2017, 5.63. A 2018, 5.97. A 2019, 6.64. Sai korona ta zo, gwamnati ta raba wa jama'a kuɗin tallafi, mutane suka yi ta jidar kayan gida, riba ta yi tsalle zuwa 10.62 a 2020, 10.17 a 2021, 10.68 a 2022. Daga nan ta gangaro, 7.55 a 2023, sai 5.11 a 2024. Kamfanin da kansa ya ce abokan cinikinsa na cikin matsin kuɗi, ga kuma matsalar satar kaya a shaguna. Ranar 29 ga Agustan 2024 kaɗai, hannun jarin ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku na darajarsa.

Kun ga inda tarkon yake? Wanda ya saya a ƙarshen 2022 a kan dala 250 yana kallon ribar dala goma, ya ɗauka haka za a dawwama. Ribar lokacin annoba ce ya biya kuɗinta kamar ta kullum. Da ya waiwayi shekarun baya, da ya ga kamfanin bai taɓa kusantar dala goma ba sai da korona ta zo.

A daren nan ni da abokina muka yi lissafin a bayan takardar mai shayi. In ka tara ribar shekaru goman ka raba goma, za ka samu dala 7 da 'yan kai. In ka gyara da hauhawar farashin Amurka, don su ma dalar 2015 ta fi ta 2024 ƙarfi da kusan kashi ɗaya cikin uku, matsakaicin ya koma dala 8 da ɗan wani abu. To farashi a lokacin dala 80 ne. In ka raba shi da ribar shekara ɗaya, wato 5.11, ka samu kusan 16. In ka raba da matsakaicin shekara goma, ka samu ƙasa kaɗan da 10. Lamba ta farko tana cewa farashin daidai wa daida ne. Ta biyu tana cewa akwai alamar rahusa, matuƙar kamfanin zai iya komawa ga ribar da ya saba.

Abokina ya yi tsalle ya ce, "Ka gani ko! Ai na faɗa maka." Na ce zauna tukuna, ka ji kalmar "matuƙar" da na faɗa? A cikinta kuɗin lefenka suke.

Ma'aunin nan baya yake kallo, ba ya ganin gobe. Mu mutanen Kaduna mun fi kowa sanin haka. Ku ƙetara gada ku je Kakuri ku ga masaƙun da suka taɓa ɗaukar dubban ma'aikata. Wanda ya auna su da ribar shekarun da suke tashe zai ce araha ce, alhali kasuwar ce ke mutuwa a hankali. Ko ku dubi Shoprite. Kamfanin Afirka ta Kudu ne mai sayar da kaya da rahusa, ya shigo Legas a 2005, ya buɗe a Ado Bayero Mall da ke Kano a 2014, mutane na tururuwa har da ɗaukar hoto. A 2021 uwar kamfanin ta sayar da harkarta ta Najeriya ta fice, a farkon 2024 kuma aka rufe reshen Kano. Cikar shago da mutane daban, ribar da ke saura bayan an biya haya da dizal da canjin dala daban.

Shagon araha ribarsa siririya ce. A kan cinikin naira ɗari, abin da ke saura bai fi 'yan nairori ba. In kuɗin dako ko albashi ya ɗaga kaɗan, kuma ba ka isa ka ƙara wa talaka farashi ba don zai koma shagon gaba, ribar ce za ta narke. Don haka bayan ka samu lambarka, sai ka tambayi kanka: me ya sa ribar ta faɗi? Guguwa ce mai wucewa, ko abokan ciniki ne suka canza sheƙa zuwa Walmart da sayayya ta intanet? Bashi nawa ke kan kamfanin?

Akwai kuma ɗaya gefen. Kamfanin da ke girma da sauri, ma'aunin nan yakan nuna shi da tsada, saboda ƙananan ribar shekarun farko suna jan matsakaicin ƙasa. Shi ya sa ya fi dacewa da tsofaffin kamfanoni masu sayar da abin yau da kullum.

A kasuwarmu ta gida kuwa, buƙatar wannan gyara ta fi ta Amurka nesa ba kusa ba. A Janairun 2024 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Najeriya ya haura maki 100,000 a karon farko, aka yi ta murna. Amma tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da sakin naira a Yuni, dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Manyan kamfanoni irin su Nestlé Nigeria da MTN Nigeria sun bayyana asara a 2023 saboda canjin kuɗi. Wanda ya auna su da wannan shekarar kaɗai zai ce sun mutu. Haka kuma in kamfani ya ce ribarsa ta ƙaru da kashi 25 a shekarar da farashi ya tashi da kashi 34, to ja da baya ya yi, komai kyawun sanarwar. Ku kuma lura, a farkon 2025 hukumar ƙididdiga ta sabunta tushen ma'auninta, don haka ku yi hattara wajen haɗa tsofaffin lambobi da sababbi.

Ga masu tambayar halacci, ku duba abin da kamfani ke sayarwa da yawan bashin ruwan da ke kansa, ku tuntuɓi malamai. Dollar General, alal misali, yana sayar da giya da taba a rassa da yawa. A kasuwarmu akwai jerin Lotus Islamic na kamfanonin da aka tantance.

To me abokina ya yi? Bai taɓa kuɗin lefe ba. Kawu ne ma ya rufe maganar, ya ce masa, "Kuɗin da ke da ranar biya ba a kai shi kasuwa." Ko da lissafinka daidai ne, kasuwa na iya ɗaukar shekara uku kafin ta yarda da kai, su kuwa surukai ba za su jira ba. An ɗaura aure lafiya, yanzu yana ware 'yar dubu goma duk wata yana koyon karanta rahoton kamfanoni.

Ni ba dillali ba ne, kuma ban ce kowa ya sayi wannan ko wancan ba. Aikin gida dai zan ba ku. Ku zaɓi kamfani ɗaya da kuke amfani da kayansa, na sukari ne, na siminti ko na taliya, ku nemo ribarsa ta shekara goma, ku mayar da ita kuɗin yau, ku raba. Wanda ba shi da sha'awar hannun jari ma, ya gwada da albashinsa ko ribar sana'arsa, zai ga inda yake tsaye. Ku turo min abin da kuka samu, mu duba tare a shiri na gaba.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya tsare mana guminmu.