Tsohuwar Riga Ba Abin Kunya Ba Ce

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai a Dogon Daji



An nemi in yi magana a kan tattalin albashi, sai na zaɓi abu guda da ke cin kuɗinmu ba mu ankara ba, wato tufafi. Zan fara da kaina. Kwanan baya uwargida ta zazzage akwatina, muka ƙirga anko kala tara na bukukuwan abokan aiki da na dangi, daga Sakkwato zuwa Tambuwal da Kebbe. Kowanne sau ɗaya ko biyu na sa shi, uku daga ciki kuma har yau mai shadda yana bi na bashinsu. Ga shi tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, albashi ba ya kai mu ƙarshen wata.

Nan take na tuna da mahaifina. Babbar rigarsa guda ta yi masa salla fiye da goma. In ta koɗe, a kai ta marina a sake rina ta, a buga, ta dawo tana ƙyalli. Da ta tsufa, tela ya fitar mana da 'yar shara daga jikinta, sauran ƙyallen kuma aka cusa matashin kai da shi. Ba a zubar da komai ba.

Wannan dabara ta iyayenmu aljihu take karewa, tana kuma kare ƙasa. Yawancin yadi mai araha na yanzu zaren roba ne, daga man fetur ake yin sa. Kamar leda yake, ba ya ruɓewa. In an yar da shi ya toshe magudanar ruwa da damina, in an ƙone shi hayaƙin ya cutar da ƙirji. Auduga ma da tsadarta: masana sun ƙiyasta cewa riga guda mai gajeren hannu tana cin ruwa wajen lita 2,700 daga gona zuwa kanti, wato jarka 108 mai cin lita 25. Don mu ga inda yawan zubar da tufafi ke kai mutane, mu dubi kasuwar gwanjo ta Kantamanto a Akara, babban birnin Gana. An ƙiyasta tufafi miliyan 15 ke shigarta kowane mako daga ƙasashen waje, kusan kashi 40 cikin 100 kuma a bola da bakin teku suke ƙarewa.

To, me za mu yi? Na farko, mu sayi kaɗan amma mai kyau, don araha ba ta ado. Na biyu, da riga ta ɗan yage a kai ta faci tun ɓarakar ba ta yi girma ba. Na uku, in an wanke shadda a juya ta bai a shanya a inuwa, don rana ke cinye launi. Na huɗu, kada mu manta da rini. Har yau marinar Ƙofar Mata a Kano tana aiki. Na biyar, sayen gwanjo ba faɗuwa ba ne, in an zaɓa da kyau aka wanke.

A ƙarshe ina da roƙo biyu ga wannan ƙungiya. Mu daina fitar da sabon anko kowace shekara. Wanda muke sanye da shi yau ya yi mana shekara biyar. Sannan kowa ya zo taro mai zuwa da tufafi masu kyau da ya daina sawa, mu damƙa wa malamai su raba wa ƙannenmu masu bukata. Ni zan fara da nawa guda tara.