MOTSA JIKI DA KWANCIYAR HANKALIN MAI JUNA BIYU

Jama'a, wannan jawabi ya shafi kowane magidanci da kowace uwar gida. Galibi idan mace ta sami juna biyu, abin da iyali suke lura da shi shi ne abincinta da kumburin ƙafafunta. Ba safai ake tambayar halin da zuciyarta take ciki ba, alhali kuwa lafiyar jiki da ta hankali tare suke tafiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 10 cikin 100 na mata masu ciki a duniya suna fama da wata larurar hankali, musamman ciwon damuwa. A ƙasashe masu tasowa adadin ya wuce kashi 15 cikin 100. Inda aka sha wahala kuwa, nauyin yakan ƙaru. Dusuman, a Ƙaramar Hukumar Jere, gefen birnin Maiduguri, misali ne. Yankin ya sha fama da rikicin da ya ɓarke a Jihar Borno a 2009, wanda ya raba ɗimbin iyalai da garuruwansu. Sannan a watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye manyan sassa na Maiduguri da Jere. Matar da ta ɗauki ciki bayan irin wannan tashin hankali, ga shi dangi sun watse, tana bukatar kulawa ta musamman.

Ɗaya daga cikin hanyoyin taimaka mata, wadda ba ta cin ko kwabo, ita ce motsa jiki daidai gwargwado. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa mai ciki, in dai ba ta da larurar da ta hana, ta motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 a rana har kwana 5. Yin haka yana rage haɗarin hawan jini da ciwon sukari na lokacin ciki, da kuma ciwon damuwa na bayan haihuwa. Jini yana gudana sosai, barci yana daɗi, tunani kuma yana raguwa.

A nan akwai kuskure iri biyu. Wasu gidaje sukan hana mai ciki ko da taka ƙofar gida, wai kada cikin ya zube. Sai ta wuni a ɗaki ita kaɗai, tana saƙa da warwara. Wasu kuma sukan ce ai daka da ɗebo ruwa da itace da aikin gonar shinkafa sun ishe ta. Lalle aikin gida motsi ne, amma ɗaukar kaya mai nauyi cikin zafin Maiduguri, wanda yakan haura digiri 40 a watan Afrilu, gajiya da ƙishirwa yake jawowa. Abin da ake nufi shi ne tafiya a ƙasa wadda za ta ɗan ɗaga numfashi, amma mace ta iya yin hira tana cikin tafiyar. A zaɓi sanyin safiya ko bayan la'asar, a sha ruwa kafin a fita da bayan an dawo. Wadda ba ta saba ba ta fara da minti 10, ta riƙa ƙarawa sannu a hankali. Matan da ba su fita suna iya zagaya tsakar gida. Ya fi kyau a yi tafiyar da maƙwabciya ko 'yar'uwa, domin hira ita ma tana rage ƙunci.

Wajibi ne a tsaya nan take a nufi asibiti idan aka ga jini, ko ruwa ya fashe, ko jiri, ko ciwon kai mai tsanani, ko ciwon ƙirji, ko motsin ɗa ya ragu. Mai hawan jini, ko wadda ta taɓa yin ɓari, ta fara neman shawara a wurin awon ciki. Tun 2016 shawarar ita ce a je awo aƙalla sau 8 kafin haihuwa.

Haka kuma a sani cewa tafiya kaɗai ba ta warkar da damuwa mai tsanani. Idan mace ta yi mako 2 tana yawan kuka, ta daina sha'awar abin da ta saba so, barci da abinci sun gagare ta, ko tana ambaton mutuwa, to, kada a ce shagwaɓa ce, kada kuma kunya ta sa a ɓoye. A faɗa wa ungozoma ko malamin asibiti. In ta kama, za su tura ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ko Asibitin Tarayya na Masu Larurar Ƙwaƙwalwa da ke birnin. Ciwo ne mai magani kamar kowane ciwo.

A ƙarshe, ana kira ga mazaje da surukai da masu unguwanni da malamai: a sauke wa mai ciki aiki mai nauyi, a ba ta damar fita awo da tattaki, a kuma saurare ta idan ta yi magana. Allah Ya sauki matan ƙasar nan lafiya, amin.