Harajin Bai-Ɗaya Ko Na Mataki-Mataki: Yadda Aka Kwashe A Jihar Ilinoi Ta Amurka

Wannan shi ne bayanin jawabin da wani malamin jami'a mai nazarin tattalin arziki ya gabatar a zaman tattaunawa na ɗalibai, dangane da yunƙurin canza tsarin harajin kuɗin shiga a Jihar Ilinoi ta ƙasar Amurka, inda birnin Shikago yake.

Malamin ya fara da cewa haraji kan abin da mutum ya samu iri biyu ne. Akwai na bai-ɗaya, wato kaso guda ake yanka wa kowa, mai shara da mai banki. Akwai kuma na mataki-mataki, wanda kason ke hawa gwargwadon hawan samu. Ya ce Ilinoi ta fara karɓar wannan haraji a 1969 a kan kashi 2.5 cikin ɗari, sannan tsarin mulkin jihar na 1970 ya ɗaure hannun majalisa, ya ce dole kason ya zama ɗaya ga kowa. Daga 2017 kason ya tsaya a kan 4.95.

Ya ce da jin haka wani zai ce ai adalci ke nan, an yi wa kowa kuɗin goro. To amma a yi lissafi. Mai samun dala 20,000 a shekara zai ba da wajen dala 990, mai samun miliyan biyu kuma dala 99,000. Kason ɗaya ne, raɗaɗin ne ba ɗaya ba. Na farkon daga kuɗin haya da cefane aka yanko nasa, na biyun kuwa ko kwanon abincinsa bai san an taɓa ba. Ya ƙara da cewa ba nan nauyin ya tsaya ba, domin akwai harajin saye da sayarwa, wanda a Shikago ya kai kashi 10.25 a kan yawancin kayayyaki a 2020. Talaka yana kashe duk abin da ya samu, saboda haka kusan kowane kwabonsa sai ya bi ta wannan ƙofa, alhali attajiri yana adana mafi yawan nasa. Idan aka tattara, sai a ga raunana ne ke ɗauke da kaso mafi nauyi.

Daga nan ya shiga tarihin rikicin. Jihar na fama da bashin fanshon ma'aikata da ya haura dala biliyan 130, kuma tsakanin 2015 da 2017 ta yi shekara biyu babu cikakken kasafin kuɗi, saboda takun saƙa tsakanin Gwamna Bruce Rauner da majalisa. A cikin wannan hali J.B. Pritzker ya ci zaɓen gwamna a 2018 da alkawarin kawo haraji na mataki-mataki. A 2019 majalisa ta yarda a kai gyaran tsarin mulkin gaban masu zaɓe, ta kuma tsara matakan: kashi 4.75 a kan dala 10,000 na farko, 4.9 har zuwa 100,000, 4.95 har zuwa 250,000, daga nan ya yi tsalle zuwa 7.75, ya ƙare a 7.99 ga manyan masu samu. Gwamnati ta ce mutum 97 cikin ɗari za su biya daidai da na da ko ƙasa da haka, kuma baitulmali zai sami ƙarin kimanin dala biliyan uku a shekara.

Malamin ya tambayi mahalarta: idan mutum 97 cikin ɗari ba za su yi asara ba, wa zai yi tsammanin faɗuwar wannan gyara? Amma ranar 3 ga Nuwamba, 2020, ya faɗi warwas. Ana bukatar kashi 60 na waɗanda suka amsa tambayar, ko rinjayen dukkan waɗanda suka jefa ƙuri'a a zaɓen, sai ga shi ko rabi bai samu ba. Wajen kashi 47 ne suka ce e.

A nan ya daɗe yana bayani. Da farko ya ce a dubi su wa suka yi faɗan. Gwamna Pritzker, wanda shi kansa biloniya ne daga gidan masu otal-otal na Hyatt, ya zuba sama da dala miliyan 50 daga aljihunsa don a amince. Ken Griffin, mai kamfanin zuba jari na Citadel, shi ma ya zuba sama da miliyan 50 don a ƙi. Wato giwaye biyu ne suka kara da sunan talaka, shi kuwa talakan yana gaban talabijin yana kallon talla. Ya ce wani abin dariya, shi gwamnan da ke kiran attajirai su biya haƙƙinsu, an taɓa samun an cire masai daga wani katafaren gidansa don a ce ba ya zaunuwa a rage masa harajin gida, har a 2018 ya mayar da kimanin dala 330,000. 'Yan adawa kuwa ba su bar mutane sun manta ba.

Sai kuma abin da aka miƙa wa talakan. Ya ce a sake komawa kan mai dala 20,000 ɗin nan: ragin da sabbin matakan za su yi masa bai wuce dala 25 ba a shekara, mai 100,000 kuma dala 65. A madadin wannan ɗan abu ana neman ya kwance wa majalisa hannu. Domin matakan ba a cikin tsarin mulki aka rubuta su ba, a cikin doka ce ta yau da kullum wadda majalisa za ta iya canzawa gobe. Masu adawa suka kama nan, suka ce yau attajiri ne, gobe mai matsakaicin samu, jibi kuma kuɗin fanshon tsofaffi, wanda jihar ba ta yanka wa haraji.

Ya ce tushen matsalar rashin yarda ne da mahukunta, kuma jama'ar ba su yi laifi ba. Tsofaffin gwamnonin jihar huɗu sun yi zaman kurkuku: Otto Kerner, Dan Walker, George Ryan da Rod Blagojevich. A daidai shekarar ƙuri'ar kuma badaƙalar cin hanci ta kamfanin wutar lantarki ta dabaibaye Kakakin Majalisa Michael Madigan, wanda ya riƙe kujerar sama da shekara 30, kuma kotu ta same shi da laifi a 2025. Mutum na iya yarda cewa attajiri ya kamata ya fi biya, ya kuma ƙi miƙa tulun ga wanda ya san yana shan ruwan a hanya.

Ya kwatanta da Jihar Masachusets, wadda a 2022 ta amince da ƙarin kashi 4 a kan abin da ya haura dala miliyan ɗaya. Can an rubuta iyakar a cikin tsarin mulki, an kuma ambaci inda kuɗin za su tafi, ilimi da sufuri. Ya wuce da kimanin kashi 52.

A lokacin tambayoyi wani ɗalibi ya ce, shin attajirai ba za su gudu ba idan aka ƙara masu? Malamin ya amsa cewa Griffin ya ci nasara a 2020, ba a ƙara masa ko sisi ba, duk da haka a 2022 ya kwashe hedikwatar kamfaninsa zuwa Mayami ta Jihar Florida, inda babu wannan haraji sam. Wani kuma ya tambayi inda aka kwana. Ya ce har zuwa 2025 kason yana nan a 4.95. A zaɓen 2024 an tambayi mutanen Ilinoi ra'ayinsu kan ƙarin kashi 3 ga masu samun sama da miliyan ɗaya don a sassauta harajin gidaje, kusan kashi 60 suka ce e, sai dai tambayar ta jin ra'ayi ce kawai, ba ta canza doka ba.