Kyankyaso a kwalbar lemo: wa ke da alhaki?

Yau magana ce da ba ta da daɗin ji, wanda ke cin abinci ya yi mana haƙuri. Kana rumfarka a Madina ko Nima, baƙo ya sauko daga mota da ƙishirwa, ka buɗe masa lemon kwalba mai sanyi, ya sha rabi, sai ga wani abu baƙi yana lilo a gindin kwalbar. Wa zai kama? Kai ne a gabansa. Kamfani yana can nesa.

To amma kotu ba haka take kallon abin ba. A 1928, a garin Paisley na ƙasar Sikotilan, an sayo wa wata mata lemon citta a kwalba mai duhu. Ta sha wani, da aka juye ragowar, ta ce ruɓaɓɓen dodon koɗi ya faɗo. Shari'ar ta kai kotun ƙolin Birtaniya, a 1932 aka yanke cewa wanda ya cika kwalba ya rufe ta yana da nauyin kula da lafiyar wanda zai sha, ko da ba hannu da hannu suka yi ciniki ba. Wannan hukunci kotunan Gana da Najeriya suka gada. A 1968 kotu a Gana ta ba wani mutum gaskiya a kan Kumasi Brewery, bayan ya tarar da ruɓaɓɓiyar ƙwarar kwakwar manja a abin shansa. A 2008 Kotun Ƙolin Najeriya ta ɗora wa Nigerian Bottling Company alhakin mataccen kyankyason da wani ya samu a kwalbar Fanta. Shi kam ya sha jira, an fi shekara goma ana hawa kotu ana sauka.

Ta ina ƙazantar ke shiga? Yawanci ta kwalbar gilashi da ake mayarwa. A masana'anta ana wanke ta da ruwan zafi mai sinadari, a haska ta a duba kafin a cika, amma cikin dubban da ke wucewa wata kan kuɓuce. Kuma mu faɗi gaskiya, a hannunmu take fara lalacewa. Kiret ya yi sati biyu a bayan shago kusa da kwata, wannan ya jefa guntun sigari, wancan ya tura ledar alewa. 'Yan'uwana makiyaya, ku ma kuna ciki: kwalbar da aka zuba wa maganin kaska ko kananzir kada ta koma kiret, kada kuma a bar ta inda yaro zai ɗauka lemo ne.

Mai saro kaya ta Aflao ko Paga, ɗaga kwalba ka haska ta a rana kafin ka sa a ƙanƙara. Murfi mai tsatsa, ko lemon da bai cika daidai da 'yan'uwansa ba, ware shi gefe. Idan kuwa ka ga abu a ciki ba a buɗe ba, to kar ka buɗe! Haushi kan sa mutum ya zubar, alhali kwalbar nan a rufe ita ce babbar shaidarka. Ɗauke ta hoto, rubuta lambobin da ke jikinta, adana rasitin dila, ka kai wa hukumar abinci da magunguna: FDA a Gana, NAFDAC a Najeriya. Idan wakilin kamfani ya zo da kiret guda na ban-haƙuri yana neman ka ba shi kwalbar, ni dai ba zan ba ka shawarar miƙawa ba sai hukuma ta gani.

Iyayenmu mata masu sobolo da lamurje a Maamobi, robar da aka tsinto kuwa ba ta da kamfanin da za a kai ƙara. Idan abu ya fito daga ciki, ƙofar mai ɗurawa za a ƙwanƙwasa.