Jawabi Kan Ɗaukar Tankin Mai da Tarakta



An nemi in yi magana a kan wani aiki da yake neman zama ruwan dare a gida, wato ɗaukar tankin mai da tarakta daga gari zuwa gona. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, da yawa daga cikinmu masu aika kuɗin noman rani gida Bauci sun gwammace su sayi mai da yawa su ajiye. To, daga Ƙofar Dumi zuwa gona akwai lungu, akwai kwata, akwai yara a hanya. Mu Bauci ba baƙin tarakta ba ne, a garinmu kamfanin Steyr ya yi ta harhaɗa ta. Amma sabo da abu ba shi ne sanin haɗarinsa ba.

Farko dai a san nauyin kayan. Litar man gas ɗaya ta kai kusan giram 840. Ke nan tanki mai lita 5,000 in ya cika, man kaɗai ya haura ton 4, ban da ƙarfen. Ita kuwa Massey Ferguson 375 da muka saba gani, abin da hannuwanta na baya ke ɗagawa bai wuce ton biyu da 'yan kai ba. Kun ga ashe ba a ɗaga tanki da mai a ciki. A juye shi a durom tukuna. Rabin tanki ma wani bala'in ne, domin man zai riƙa kai-komo a ciki, in an sha kwana ya tunkuɗe tirela gefe guda.

Wajen juyewa kuma, jama'a, a yi nesa da janareta, da sigari, da murhu. A Dikko ta Jihar Neja, cikin Janairun 2025, ana juye fetur daga wata tanka zuwa wata da janareta wuta ta tashi, mutum fiye da 80 suka rasu. Kafin nan, a Majiya ta Jihar Jigawa, Oktoban 2024, fiye da 150 ne suka tafi wajen kwasar man tankar da ta faɗi. Allah Ya jiƙansu. Kada kuma wani ya ce ai tankin wofi ne. Tururin da ya rage a ciki shi ne ke fashewa, don haka kada mai walda ya kusance shi.

Sai maganar ja. A ɗora tankin a kan tirela, a sa masa katako ta kowane gefe kada ya mirgina, a ɗaure da sarƙa, ban da igiyar roba. Tirelar a maƙala ta a ƙarfen ja na ƙasa. In aka ɗaura sarƙa sama da gatarin baya, gaban tarakta ɗagawa yake yi ta kifa da baya, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi, direba bai ko kai ƙafa kan kuloci ba. A haɗe birkin hagu da na dama kafin a hau titi, a sauka gangare da ƙaramin giya, kada a saki furi.

A fita da sassafe kafin yara su fito makaranta. Babba ɗaya ya shige gaba yana ba da hannu, kada kowa ya hau tirela, kada kowa ya tsaya tsakaninta da tarakta. A riƙe tukunyar kashe gobara da buhun yashi, domin ruwa watsa wutar mai yake yi.

Ku da kuke aika kuɗin, Alhazai, ku ne da ikon cewa a yi kaza. In tankin ya fi ƙarfin tarakta, ku biya mota mai ƙugiya ta ɗauka. Kuɗin hayarta bai kai ran direba ba.

Allah Ya tsare mu, Ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.